Ya Kura ta Kanya Babba da babin ƙarshe na labarin 'yata

Ya Kura gwaggon matata ce, yayar mahaifinta. Tana zaune a Kanya Babba, kuma sana'arta haɗa magani da saiwa da sassaƙe da ganye. Ba ta san shekarunta ba. Ta dai ce tana goyon ɗanta na biyu lokacin da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, don haka na lissafa mata saba'in da 'yan kai. Iyayenta Barebari ne da fataucin kanwa ya kawo su Babura tana ƙarama. A can aka aurar da ita ga Mele, manomi kuma mai sayar da hatsi, ya kai ta Kanya Babba, ba ta sake tashi ba. Hausarta ta nan ce tsaf, amma in tana ƙirga ƙullin magani ko ranta ya ɓaci, Barbarci ne ke fitowa. Ta haifi bakwai, ta binne uku. Na farkon da ta binne sunansa Kyari. Mele ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

Ni ma'aikacin safiyo ne a Kazaure. Aikina awon fili da zana taswira, shi ya sa tun da na auri Bahijja, Ya Kura ba ta taɓa kirana da Abdulnasir ba, sai Mai awo.

Na raka ta daji sau biyu, na ga yadda take aiki. Ba ta sassaƙar itace ta zagaye shi. Tana ɗaukar faɗin tafin hannu daga gabas, wani daga yamma, sannan ta kwaɓa ƙasa ta shafe wurin. In saiwa take so, ba ta taɓa uwar saiwar, sai ta gefe, kuma sai ta mayar da ƙasar ramin ta daddana da ƙafa kafin ta wuce. Sabara take ba masu jego, marke ga masu tari, maɗaci ga mai ciwon ciki. Abin da ya bambanta ta da sauran masu magani da na sani shi ne tana da jerin cututtukan da take cewa ba nata ba ne, kuma ba ta jin kunyar faɗa. Mutum zai zo daga Gwiwa a kan babur, ya yi doguwar tafiya, ta dubi marar lafiyar ta ce, "Wannan na asibiti ne, ku juya tun rana ba ta yi ba." Wasu suna jin haushi. Ba ta damu ba.

Haka ta yi mana. Zulaiha ce 'yar farinmu, an haife ta a shekarar 2000. Tana wata tara hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, aka auna jininta aka ce sikila ce. Bahijja ta ɗauke ta zuwa Kanya Babba tana kuka. Ya Kura ta karɓi jaririyar, ta daɗe tana duban tafin hannunta da farin idonta, sannan ta miƙa mata ita.

"Ba ni da maganin wannan," in ji ta. "Wanda duk ya ce miki yana da shi, ki riƙe 'yarki da kyau ki bar wurin. Zan iya koya miki gashi da ruwan ɗumi in ƙashi ya motsa. Sauran ki bi abin da likita ya ce."

Shekara ashirin da uku ba ta sauya wannan magana ba, ko sau ɗaya.

Saboda kunyar 'yar fari, ban saba kiran sunan Zulaiha ba. Yarinya nake ce mata har ta girma. A wannan rubutun na rubuta sunan fiye da yadda na furta shi tana raye.

Ta fara karatun ilimin halittu a kwaleji, ciwo ya sa ta bari a shekara ta biyu. Zaman gida ya yi mata yawa, sai ta fara rubuta labari a waya. Ba na soyayya ba ne irin wanda ƙawayenta suke karantawa. Wata ƙasa ta ƙirƙira da babu ita, ta sa mata suna Gulbin Toka. A ƙasar babu ƙarfe ko na allura, itatuwa suna tashi su sauya wuri duk bayan shekara bakwai, kuma masu saiwa, wato masu magani, su ne alƙalai. Kowane magani a can yana karɓar wani abu daga wanda ya sha shi: wani ya warke ya manta hanyar gidansu, wata ta warke ta daina jin ɗanɗanon zuma. Jarumar labarin, Shahida, tana da ciwon ƙashi da yake tashi in sanyi ya sauka, kuma tun babi na ɗaya take yawon neman itacen da zai raba ta da shi. Ba sai an gaya wa kowa daga ina Zulaiha ta samo wannan ba.

Duk ranar Juma'a take sakin babi ɗaya a wani zauren WhatsApp. Da mata goma sha biyu aka fara, ya kai ɗari biyu da tamanin. Ni ban shiga ba, zauren mata ne. Abin da na yi mata shi ne taswira. Ta kawo mini zanen ƙasar a takarda, na ga kogin ya fito daga fadama ya hau dutse.

"Yarinya, ruwa ba ya hawa tudu."

"Baba, a ƙasata yana hawa."

"To ki rubuta dalilin, ko ki bar ni in juya shi."

Ta yi kwana biyu tana tunani, sannan ta ce in juya shi. Na zana mata taswirar da tawada a kan takardar aiki, da ma'auni a ƙasa kamar ta gaske. Tana nan manne a bangon ɗakinta.

Ilimin itatuwa kuwa wurin Ya Kura ta je nema. Duk lokacin da jikinta ya yi sauƙi, sai in kai ta Kanya Babba ranar Asabar. Su zauna a ƙarƙashin rumfa, tsohuwar tana tsince ganye a faifai, ita tana naɗar muryarta a waya. Wasan jika da kaka ne tsakaninsu, ba a raga wa juna.

"Ƙawata, kin zo satar sana'a ko?"

"Wace sana'a, tsohuwa? Wannan tarkacen itacen?"

"Tarkacen da aka yi wa uwarki wankan jegonki da shi. Matso da abin naki, muryata ba ta kai nan."

Ina wurin ranar da Zulaiha ta karanta mata babi na huɗu kafin ta sake shi. A ciki wani mai saiwa ya matsa ruwan ganyen kalgo a idon makaho, idon ya buɗe. Ya Kura ta ajiye faifan.

"Kalgo? Kalgon da nake naɗe daddawa da ganyensa?"

"Ai labari ne, Ya Kura."

"A wurinki labari ne. Wadda ɗanta ba ya gani ba ta san labari ba, kalgo kawai za ta ji, kuma ga shi nan a bakin gonarsu. In za ki yi ƙarya, ki yi ta da itacen ƙarya. Wanda ke tsaye a gonar mutane, ki bar masa aikin da Allah ya ba shi."

Zulaiha ta yi gardama. Ta ce sunan gaske ne ke sa mai karatu ya ji kamar ƙasar tana nan. Ya Kura ta ce ai abin da take tsoro ke nan. A mota kan hanyarmu ta komawa Kazaure, da muka yi nisa, Zulaiha ta ce, "Baba, tsohuwar nan ta fi malamanmu." Daga ranar ta kafa wa labarin doka. Itacen gaske yana yin abin da Ya Kura ta ce yana yi, ba ƙari. Abin al'ajabi kuwa sai itacen da ta ƙirƙira, da sunan da babu shi a bakin kowa. Kalgon babi na huɗu ya koma lumbaye. Ta sayi ƙaramin littafi tana tara irin waɗannan sunaye, kuma kowane sai ta kira Ya Kura ta tambaye ta ko ta taɓa jin sa, a Hausa ko Barbarci ko Fulatanci. In ta ce ta taɓa ji, sai a soke shi. A kan wannan doka ta ci gaba da saki har babi na arba'in da ɗaya.

A watan Agustan 2023, tsakiyar damina, ciwon ya tashi a ƙirjinta. Ta kwana tara a asibiti. A rana ta goma, Talata, da hantsi, Allah ya karɓi abarsa. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Bayan sadakar arba'in Bahijja ta miƙo mini wayar, ta ce ita ba za ta iya buɗewa ba. Saƙonnin ta'aziyya sun fi ɗari uku. A cikinsu mata da yawa suna tambaya, cikin ladabi, ko marigayiya ta bar ƙarshen labarin. Ta bari. Babi na arba'in da biyu yana cikin wayar, an gama shi, kwanan watan da ke kansa ya nuna rana ta shida a asibiti ta rubuta shi. A ciki Shahida ta gama zagaye ƙasar ba ta sami komai ba, ta dawo gida, sai ta tarar da maganin a bayan dangarsu. Tumfafiya. Zulaiha ta rubuta sunan sau goma sha ɗaya. Ta faɗi ɓangaren da za a ɗiba, da yawan ruwa, da tsawon dahuwa, da sau nawa za a sha. Shi ne babi mafi kyau da ta rubuta.

Na san tumfafiya kamar yadda kowa ya san ta. Tana fitowa a kowane kango da bakin hanya daga Roni har Babura, kuma tun muna yara ake hana mu taɓa farin ruwanta mu kai ido ko baki. Duk da haka niyyata ita ce in saki babin yadda yake. Aikina ya koya mini cewa ba a matsar da dutsen iyaka don an ga ya fi kyau a can. Wannan kuma maganar 'yata ce ta ƙarshe. Na ce wa kaina ba ni da hurumin taɓa ko wasali ɗaya, kuma duk mai hankali ya san almara ce.

Saƙo ɗaya ne ya hana ni danna wayar. Wata Mu'minat ce daga Gwiwa ta aiko shi da murya. Ta ce ɗanta Muhammad shekararsa shida, ciwonsu ɗaya da marigayiya. Ta ce tana bin labarin tun farko, kuma duk abin da aka faɗa na sabara da marke ta tambayi tsofaffi sun ce haka ne, don haka ta san Zulaiha ba ta rubuta abin da ba ta bincika ba. Ta ce, "Don Allah Baba, in ta faɗi itacen kafin ta rasu, a taimaka a sanar da mu."

Bahijja ta ji saƙon tare da ni. Ta ce, "Ka kai wa Gwaggo."

Na je ranar Asabar da safe. Na tarar da ita a rumfar nan, idonta ya fara rauni, da hannu take bambance ganye. Muka gaisa, ta sake yi mini gaisuwar rashi kamar ba ta kwana bakwai a gidanmu ba. Na ce na zo in karanta mata ƙarshen labarin ƙawarta. Ta gyara zama.

Na karanta daga farko har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Da na zo kan sunan itacen na ga hannunta ya tsaya a cikin faifan, bai sake motsi ba har na gama.

"An saki wannan?"

"Ba a saki ba tukuna, Gwaggo."

"To kada a saki."

"Gwaggo, shi ne abin da ta rubuta na ƙarshe."

"Na ji. Kada a saki da wannan sunan."

Na ce zan rubuta gargaɗi a sama, da manyan baƙaƙe, cewa labari ne kada kowa ya gwada.

"Mai awo, kai da ka yi boko har ka ƙure shi. Uwa ce za ta karanta, ɗanta yana birgima a tabarma yana kiran ƙafarsa. Kana jin gargaɗinka za ta gani? A cikin ɗari biyu da tamanin ɗin nan, mutum ɗaya ta isa."

Na ce, da ɗan zafi, abin da ban taɓa yi mata ba, cewa ita ba ta san abin da ake ji ba in an ce mutum ya sa hannu ya goge maganar ɗansa da ya mutu. Na manta wadda nake magana da ita. Ta faɗi wata kalma da Barbarci, sannan ta ce in matso.

"Bahijja ta taɓa gaya maka abin da ya kashe Kyari?"

"Ta ce ciwon yara ne."

"Abin da ta sani ke nan. Shekararsa huɗu. Hannu ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, irin na ƙawata sak, amma lokacin ba mu san sunansa ba. Na je kasuwar Babura, na tarar da wani mai magani ya tara mutane yana ta zuba. Ban sayi komai ba, ban ma tsaya ba, wucewa nake na ji ya ambaci wani itace ya ce shi ne maganin kumburi. Na san itacen, yana bayan gidan nan. Na dawo na dafa na ba shi. Kashegari kafin la'asar an binne shi."

Ta ɗauki ganye ɗaya ta murza shi tsakanin yatsunta.

"Wataƙila kwanansa ne ya ƙare da ciwon. Wataƙila ni ce. Shekara hamsin ban sani ba, kuma ba zan sani ba sai na je can. Mele ma bai sani ba har ya mutu. Bayan nan ne na tafi wurin Inna Abu, wata Bafulatana a duwatsun Roni, na yi rani uku ina bin ta daji. Mutane sun ɗauka sana'a na je koyo. Ni so nake in san abin da ba a bayarwa."

Can na tambaye ta abin da yake damuna tun da na buɗe wayar: me ya sa Zulaiha, da ta kiyaye dokar nan har babi na arba'in da ɗaya, ta karya ta a na ƙarshe?

"Gadonta ba kusa da taga yake ba? Da na zo dubiya me na gani a jikin katangar asibitin?"

Na tuna. Tumfafiya ce, guda uku, a jere.

"Yarinya tana kwance, numfashi yana yi mata wuya, abin da take gani ke nan daga safe har yamma. Ta so a ce maganin yana kusa tun farko, mu ne ba mu duba ba. Ni ma na so haka. Da ta tashi, da kanta za ta kira ni ta ce, tsohuwa, kin taɓa jin suna kaza? Ba ta samu ta tashi ba ne. Kai ne za ka kira a madadinta."

Na dawo Kazaure na ɗauko ƙaramin littafin sunayen. Saura guda uku da ba ta yi amfani da su ba, da rubutun hannunta. Na kira Ya Kura a wayar maƙwabciyarta na karanta mata su. Na farko ta ce ya yi kama da sunan wata ciyawa a Fulatanci, a bar shi. Na biyu, zankiriya, ta sa na maimaita sau uku, ta ce ba ta taɓa jin sa a bakin kowa ba.

Ranar Juma'a bayan na dawo daga masallaci na zauna na yi aikin. Na cire tumfafiya sau goma sha ɗaya na sa zankiriya. Na cire jimloli huɗu da suka faɗi awo da dahuwa. Na cire farin ruwan da faffaɗan ganyen, don kada a gane ta ko ba suna. Ban ƙara kalma ko ɗaya tawa ba. Na bar itacen a bayan dangar su Shahida, inda Zulaiha ta dasa shi. Minti arba'in aikin ya ɗauka, kuma babin ya rage kyau, na san haka. Bahijja ce ta sake shi a zauren, tare da layi biyu da suka ce mahaifin Zulaiha ya sauya sunan itace ɗaya bisa dokar da marigayiya ta kafa wa labarinta.

Mu'minat kuwa kiran ta na yi. Na gaya mata babu zankiriya a Gwiwa, babu ita a ko'ina, kuma Zulaiha ba ta sami wani magani ta ɓoye ba. Ta ce, "To Baba, na gode." Na ji muryar wadda aka karɓe wa wani abu. Na faɗa mata ranar da ake ganin masu sikila a asibiti, Bahijja kuma ta karɓi wayar ta koya mata gashin ruwan ɗumi yadda Gwaggo ta koya mata shekara ashirin da uku da suka wuce. Muhammad yana aji uku yanzu. Ciwon yana tashi, yana kwantawa.

Ya Kura ta daina zuwa daji bara, idon ya ƙi. Har yanzu ana kawo mata marasa lafiya, tana shafa su da hannu, kuma har yanzu tana mayar da wasu. Ita ce ta ba ni izinin rubuta maganar Kyari. Ta ce ta gaji da riƙe ta ita kaɗai.

Babin na asali yana cikin wayar Zulaiha, ban goge shi ba. Mu uku ne, ni da Bahijja da Ya Kura, muka san yadda yake, kuma duk wanda ya karanta wannan ya san sunan itacen ne kawai, ba awon ba. Ina sa wa wayar caji duk ranar Juma'a. In na je Kanya Babba, Ya Kura takan ce in karanta mata ƙarshen labarin ƙawarta. Na taɓa tambayar ta wanne, na asalin ko wanda aka saki. Ta ce wanda aka saki, shi ne wanda ƙawarta za ta yarda a karanta a gidanta.